Bindiga Daidai Hannun Likita Draha

Duk mai kiwon tunkiya ko saniya a duwatsunmu na Valašsko ya san farar motar Drahomíra Zálešáková. Ba mai wahalar da bakinsa da wannan dogon suna, Likita Draha kowa ke cewa. Ita ce likitar dabbobinmu tun 'yarta Vendula tana rarrafe. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kuma idan ta daka wa bijimi tsawa sai ya tsaya ya saurara. Ni sunana Milada, gonata ce ta ƙarshe a kan dutse, can bayan inda kwalta ta ƙare hanya ta kutsa cikin daji. Ban taɓa kiranta ta ce min hanya ta yi nisa ba.

Mahaifinta da dawakai yake jawo gungumen itace daga daji, a gindin waɗannan dawakai ta tashi. Da ta gama karatu a Brno an so ta zauna a birni, ta ce ita karnukan da ake sa wa riga ba su ne suka kai ta makaranta ba. Ta dawo gida ta auri Vlastimil, direban bas, mutum mai tumbi da son raha, mafarauci kuma. Bindigoginsa na farauta suna kulle a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin bene, ita kuwa ba ta taɓa tambayar inda makullin yake ba. Takan ce shi yana huda dabbobi, ita tana ɗinke su, shi ya sa auren ya daɗe.

Abin ya same ta ne wata kaka, da rana tsaka, tana saukowa daga gonata. A kwanar da itatuwa suka rufe hanya ta tarar da mota a gicciye, an ɗage murfin inji. Ta tsaya, don a nan wajen ba a wuce wanda mota ta mace masa. Samari biyu ne. Sun san tana ɗauke da maganin da ake sa wa doki barci, wanda 'yan ƙwaya ke nema ruwa a jallo. Ɗaya ya ɗora mata wuƙa a haƙarƙari. Da ta kai hannun hagu ta dafa bakin ƙofa, ɗayan ya bugo ƙofar a kai. Suka ɗauke akwatin magani da wayarta da makullin mota.

Da ƙafa ta hawo gidana, tana rungume da hannun, fuskarta ta yi fari fat.

"Milada, ba ni kujera da ƙanƙara," in ji ta. "Kuma kada ki yi min kuka, ba ki iya ba."

Yatsu biyu suka karye. 'Yan sanda sun kama samarin tun kafin dusar ƙanƙara ta fara zuba, yatsun kuma suka warke, a karkace dai, ba ƙarfi sosai. Ta koma aiki, amma a ɗakin shan magani na cikin gari kawai, kyanwa da kare da zomo. Mu na kan dutse sai aka riƙa turo mana wani likita daga Vsetín. Mutumin kirki ne, sai dai yana da nisa. Wata tunkiyata da haihuwa ta zo mata a gicciye ta mutu kafin ya iso. Ban gaya wa Draha ba, amma a ƙauye magana ba ta kwana. Ta kira ni a waya.

"Na taso zan zo miki ranar," ta ce. "Na kai kwanar nan, na kasa taka mai. Na juya. Ni, Milada. Ni da na taɓa sa hannu a bakin doki mai ciwon haƙori."

Na ce mata tunkiya ce, wata za ta haifi wata. Ta ce ba maganar tunkiya take yi ba.

A wannan hunturu ta ce wa mijinta, wanda muke kira Vlasta, za ta nemi lasisin riƙe bindiga. Ya yi murna kamar an ba shi sarauta. Ta je likita ya duba ta, ta zauna ta haddace dokoki kamar 'yar makaranta, ta ci jarrabawar rubutu da ta harbi. Da lasisi ya fito sai ga wayarta.

"Ranar Asabar za mu Zlín zaɓen bindiga. Ki zo."

"Ni me na sani a bindiga?"

"Ba komai. Zuwa za ki yi ki riƙe min Vlasta."

Shagon na wata mata ce, paní Hrubcová (paní shi ne malama a harshenmu), doguwa mai furfura, wadda ta yi gasar harbi da ƙuruciyarta. A ƙasan shagon akwai ɗakin gwaji. Ba mu gama gaisawa ba Vlasta ya nuna wata babbar fistol ta zallar ƙarfe a cikin gilashi.

"Ga ta nan, Drahuš, an gama. Irinta na riƙe a soja. Wannan ko jikokinmu sai su gada."

"Kai za ka ɗauka ko ita?" in ji paní Hrubcová.

"Ita, amma ai ni na..."

"To ga kujera can, ga kofi. Paní Likita, ba ni hannuwanki."

Ta juya tafukan Draha, ta duba yatsun da suka karkace, ta sa ta matse mata hannu da dama, sannan da hagu. Ta tambaye ta irin aikinta, da irin tufar da take sawa, da tsawon zaman da take yi a mota. Daga nan ta dube ta ido cikin ido.

"In ta kai ga haka, za ki iya harbin mutum?"

Draha ta ce, "Na kashe dabbobi da yawa don in hutar da su. Mutum kuwa ban sani ba. Abin da nake so shi ne in an sake tare ni, kada ya zama roƙo ne kaɗai abin da nake da shi."

"Wannan amsa ta ishe ni. Mu sauka."

Aka ba mu abin toshe kunne da tabarau. Paní Hrubcová ta jera bindigogi uku a kan tebur, duka irin masu ɗora wa kansu sabon harsashi bayan kowane harbi. Don a faranta wa Vlasta, da tasa aka fara. Gaskiya ta harbu da kyau, ramukan suka taru wuri ɗaya a jikin takarda, Vlasta ya dinga dubana yana ɗaga gira. Amma da aka ɗaura mata ita a ƙugu sai wandon ya rinjaya gefe guda.

"Tsoho, wannan ai guduma ce," in ji Draha. "Kwana biyu zan ɗauke ta, na uku in bar ta a gida."

"Bindigar da ke gida kuwa ba ta tare wa kowa komai a daji," in ji paní Hrubcová.

Ta biyu 'yar mitsitsiya ce, ba ta fi wayar hannu ba. Ni ita ta burge ni, na ce wannan ko a aljihun riga sai ta ɓace. Draha ma idonta ya kwanta a kanta. Harbi ɗaya ta yi ta ajiye tana yarfe hannu.

"Kai! Wannan 'yar banza shuri take kamar karsana!"

Ashe ƙanƙantar bindiga ba ta rage ƙarfin harsashi, duk dukan a tafin hannu yake sauka. Ga shi ƙaramin yatsanta ba shi da wurin zama a mariƙin. Mafi muni, kafin harbin farko sai an ja saman bindigar baya an ɗana ta, kuma aikin hannun hagu ne. Na wannan ƙaramar yana da tauri. Draha ta ja, yatsun suka zame. Ta sake ja, suka sake zamewa. Na ga wuyanta ya yi ja, ta ajiye bindigar ta juya mana baya.

Vlasta ya tashi daga inda yake. Na kama hannun rigarsa, tunda aikin da aka kawo ni ke nan, amma ba bindiga ya nufa ba. Ya je ya tsaya kusa da ita ya yi ƙasa da murya, sai dai da abin toshe kunne a kansa bai san ihu yake yi ba.

"Drahuš, in kin ga dama mu tafi gida! Ni zan riƙa kai ki ko'ina, na yi ritaya, ba abin da nake yi!"

"Ka kashe ni da surutu a hanya? Gara 'yan fashi."

Dariya ta ƙwace mata, ta share ido da bayan hannu. Paní Hrubcová ta yi kamar ba ta ga komai ba, ta miƙo ta ukun. Matsakaiciya ce, baƙa, jikinta na roba mai tauri, samanta ƙarfe, ba ta da wani kyan gani. Ta nuna mata kada ta tsunkuli saman da yatsu: ta dafe shi da tafin hagu gaba ɗaya, ta tura mariƙin gaba da hannun dama mai ƙarfi. Draha ta gwada, sai ga shi ya ja, ƙaras. Ta maimaita har ta gaji. Yatsunta duka sun sami wurin zama, na manuni ya kai kunamar bindigar ba tare da ta miƙe shi ba. Da ta harba, ramukan ba su taru kamar na babbar ba, amma duk suna cikin da'ira, kuma ba ta yarfe hannu ba.

Na ɗauka an gama. Sai Draha ta buɗe jakarta ta fito da rigar aikinta, mai haɗe da wando, wadda ko an wanke ta warin garke ba ya barinta. Ta sa a kan kayanta. Aka cire harsashi, aka duba, aka sake dubawa, aka sa bindigar a kube aka ɗaura mata.

"Tsoho, durƙusa."

"In yi me?"

"Kai ne saniya. Rabin aikina a bayan saniya nake yinsa, sai na ji inda abin nan zai tokare ni."

"Haba Drahuš, a gaban mutane?"

"Milada ta ga abin da ya fi haka. Durƙusa."

Haka Vlastimil, da tumbinsa da furfurarsa, ya dafa ƙasa da hannuwa da gwiwoyi a ɗakin gwajin harbi. Draha ta tsuguna a bayansa, ta sunkuya, ta kwanta a gefe ɗaya ta miƙa hannu kamar mai jawo maraƙi. Kuben da ke gaban ciki ya soke ta, aka mai da shi gefe. Rigar ta hana hannunta kaiwa gare shi, paní Hrubcová ta ce a tsaga aljihun dama a sa zif. Ana cikin haka Vlasta ya waiwayo ya yi kukan saniya mai tsawo, har wani mutum da ke gwaji a layin gefe ya ajiye bindigarsa ya jingina da bango don dariya.

Ta ukun ta ɗauka. Kafin mu fita paní Hrubcová ta ce mata bindiga ita ce ta ƙarshe a layi: ta riƙa kulle ƙofofin mota, ta riƙa gaya wa wani inda za ta, in ta ga an gicciye hanya ta ja da baya ta kira 'yan sanda daga nesa. Kuma ta riƙa zuwa gwaji, don hannu yana mantuwa. A hanyar dawowa muka tsaya muka sha miyar kabeji mai tsami, Vlasta yana ta ƙorafin gwiwa.

Ba a ranar tsoron ya tafi ba. Fitarta ta farko Vlasta ya bi ta a baya da motarsa. Ta biyu ta kira ni ta bar wayar a buɗe, ina jin numfashinta har ta wuce dajin. Zuwa lokacin haihuwar tumaki kuwa, sai dai in ji ƙarar mota a tsakar gida da muryarta tana zagin karena. A waccan bazarar ta ceto min tagwayen 'yan tumaki da uwarsu. Bindigar tana gefenta a ƙarƙashin riga, in ba ka sani ba ba za ka lura ba. Har yau ba ta taɓa zare ta a kan kowa ba. Wata biyu ba sa wucewa ba ta je wurin paní Hrubcová ba, har sun zama ƙawaye, ita ke duba mata tsohuwar kyanwarta.

A bara aka yi bikin Vendula. Da safe na je taya su yanka frgál, wainar nan tamu mai faɗin faranti, na tarar da Draha a ɗaki cikin shuɗiyar riga mai bin jiki, tana juyi a gaban madubi da kuben a hannu. Ta gwada shi nan, ta gwada can, rigar ta ƙi.

Vendula ta leƙo da lulluɓin amarya a kanta. "Mama, coci za mu, ba daji ba."

"Na sani. Sabo ne."

Ta ɗan tsaya, sannan ta sauka ƙarƙashin bene ta kulle bindigar a akwatin ƙarfe. Da la'asar masu goge suka fara kiɗa a farfajiya. Draha ta tuɓe takalman bikin da ke matsa mata, ta jawo uban ango, wani siririn malamin makaranta daga Olomouc, ta dinga juya shi har tabaransa ya faɗi cikin ciyawa. Ana tsakiyar neman tabarau wayarta ta yi ƙara: goɗiyar wani maƙwabcinmu ce ta fara naƙuda. Ta leƙa wayar, ta dubi 'yarta.

"Je ki," in ji Vendula. "Amma ki dawo kafin a yanka kek, kuma don Allah ki canja riga."