Haruffa Huɗun Babana

Babana kafinta ne, kuma a iya sanina bai taɓa ce wa mutum a'a ba. Kawo masa karyayyar kujera ka ce gobe kake so, zai ce to. Har sunan ya bi shi, a layinmu Malam To ake ce masa. Mama kan ce ko kaza ce ta roƙe shi gadonsa, a ƙasa za mu tarar da shi kwance.

Bai yi boko ba, amma lambobi ya san su sarai, albarkacin tef ɗin awo. Da na samu gurbi a makarantar koyon jinya, aka ce sai na ci jarrabawar Turanci tukuna, kuma dama biyu kacal ake bayarwa. Sai ya sa na koya masa haruffa huɗu: A, B, C, D. Ya lura amsoshin littafin tambayoyina suna shafin baya, lamba da harafi.

Kullum da safe, kafin ya taɓa zarto, nakan zauna a bencin shagonsa, ƙafafuna cikin garin katako. Ya kira lamba, in karanta tambayar a takardar da na kwafe su, in faɗi harafi, shi kuma ya duba da guntun fensirinsa. Babin da ya fi ba ni wuya shi ne na kalmomin yawa da ƙaranci, da na korewa: inda za a ce kaɗan, inda za a ce babu ko ɗaya. Amma duk abin da na faɗa, sai in ji, "Daidai, Uwata!" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Kaina ya yi girma, har na fara gyara wa mai karanta labarai a rediyo Turanci.

Sakamako ya fito, na faɗi warwas.

Bayan kwana biyu ina kuka, na ɗauki littafin na buɗe shafin baya. Sai ga ƙananan zane na fensir a gefen lambobi, irin wanda yake yi wa katako inda zai yanka. Na ƙirga arba'in da ɗaya. Na gwada biyar, duk waɗanda na kuskure ne. Na nufi shago raina a ɓace.

"Baba, ashe ka sani?"

Ya ajiye guduma, ya kasa kallona. "Ranar farko da kika yi kuskure na yi shiru, na ga yadda fuskarki ta canza. Na ce bari gobe in gaya miki. Goben ce ta ƙi zuwa."

"Dama ɗaya ta rage min, Baba. In ta wuce, shi ke nan."

Washegari na zo na tarar ya share bencin. Tambaya ta ɗaya, daidai. Ta biyu, daidai. A ta uku na ce B. Ya daɗe yana kallon shafin.

"A'a, Uwata," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ba haka ba ne. Sake."

Shekarata tara ke nan ina aikin jinya, kuma na sha jin kalamai masu daɗi a rayuwa. Amma a waccan safiyar sau goma sha ɗaya babana ya ce min a'a, yana share gumi da gefen rigarsa, kuma ban taɓa jin ana sona kamar ranar ba.