Allon Herschel a Lambun Tumatir

Rigimar farko da na ga Herschel Plotkin ya sha kaye a cikinta, a kan tumatir aka yi ta. Shekara arba'in ke nan. Lokacin zaɓe ne, ya ɗauko allon ɗan takararsa, irin mai sanda da ake kafawa a ƙofar gida, ya rasa inda zai soke shi duk faɗin filin sai tsakiyar lambun Yaya Goldie.

"Herschel, cire min wannan mutumin daga cikin shukata."

"Nan ne masu wucewa za su fi ganinsa."

"Su gan shi a gidan ubansa."

Ya ce allo ba ya motsi sai bayan zaɓe. Washegari da ya tafi aiki Yaya ta yage fuskar ɗan takarar, ta bar sandar, ta ɗaure tumatir ɗinta a jiki. Da ya dawo yana kumfar baki ta ce, "Ka gode min. Yau ne karon farko da ɗan siyasa ya tallafi wani abu a unguwar nan." Mutumin ya faɗi zaɓe, tumatir ya yi kyau, ni kuma na sami abin tsokanar mijin yayata har tsufa.

Ni ce Bernice, ƙanwar Goldie. Na binne miji biyu, na kori ɗaya, saboda haka in na ce na san maza, a yarda.

Herschel mai raba wasiƙu ne, shekara talatin da huɗu yana taka titunan garinmu na jihar Ohio a Amurka da jaka a kafaɗa, tun masana'antar ƙarfe na hayaƙi har ta koma sheƙar tantabaru. Ya san gidan da ke da kare, ya san gidan da matar ta fi karen cizo. Da ya yi ritaya ƙafafunsa suka ƙi yarda, sai ya mayar da su ƙwanƙwasa ƙofofi duk lokacin zaɓe. Yana da dokokinsa: ba ya buga ƙofa lokacin cin abinci, ba ya taka ciyawar mutane, kuma ba ya zagin abokin hamayya. Imaninsa ɗaya ne, wai in ka tsaya gaban mutum ka gaya masa gaskiya ido da ido, zai ji. Na sha ce masa, "Mijin Yaya, da haka ne da ban yi aure uku ba."

Loretta Haskins ce 'yar takararsa ta ƙarshe. Tun tana kansila ta sa aka tone titinsu aka canza bututun ruwan da ke sa wa yara guba, tun daga nan Herschel ya zama nata. Ta je majalisar wakilai a Washington sau biyu da taimakon takalmansa. Sai yaƙin Gaza ya zo, aka kawo maganar ƙara wa Isra'ila makamai. Loretta ta miƙe ta ce ita ba ta sa hannu, sai an gaya mata kan wa bama-baman za su sauka. Minti biyu ta yi tana magana. Herschel ya kira ni yana cewa, "Bernice, kin ji ta?" Na ce na ji, ka fara nema mata wani aikin.

Ba a yi wata uku ba, zaɓen fidda gwani ya matso, takardun kamfe suka fara zuwa gidajen mutane. Manya, masu sheƙi, hoton Loretta an duhunta shi kamar wadda ta sace akuya. Kullum ɗaya, wata rana biyu. Wai ta ƙi gyaran gada. Wai ba ta zuwa aiki. Wai ta raina 'yan sanda. Talabijin ma haka, ko labarin yanayi ba ka gama ji sai an nuna maka fuskarta. A gefe kuma ga wani Dale Brubaker da ke neman kujerarta, mai haƙora kamar tallan man goge baki, wanda kafin watan nan ko karen unguwa bai san sunansa ba.

Tsohon mai raba wasiƙa ba ya karanta manyan baƙaƙe, ƙananan na can ƙasa yake dubawa. Herschel ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, ya karanto sunan waɗanda suka biya: wata ƙungiya mai suna mai daɗi, irin na gobe da haɗin kai. Ya je laburare aka bincika masa. Reshe ne na 'yan kamun ƙafar nan masu kare muradun gwamnatin Isra'ila a Washington. Masu zuba mata kuɗi iri-iri ne, akwai namu Yahudawa, akwai masu coci daga can kudu da ke jiran tashin duniya, akwai attajiran da ko sunan jam'iyyar Loretta ba sa son ji. Ya baje takardun a teburin girki, ashirin da bakwai.

"Bernice, nemo min kalmar Isra'ila a ciki."

Na duba. Babu. Ko sau ɗaya.

"To in saboda ita suke yi, me ya hana su faɗa? Su faɗa mu yi gardama, mutane su zaɓa."

"Saboda sun fi ka wayo, tsoho. Wa zai bar gada da ke ƙofar gidansa ya yi fushi a kan abin da ke ƙetaren teku?"

Ya fita da ƙafafunsa masu shekara saba'in da takwas. Kowace ƙofa ya buga, gada ake ce masa. Ya yi bayani, ai ta ƙi wancan ƙudurin ne don an cusa wani abu a ciki, ta kuma sa hannu a na biyu. Kafin ya kai rabin bayanin an rufe ƙofa. Yakan buga ƙofa arba'in a yini. Takardar kuwa tana shiga kowane gida a garin kafin azahar, kuma yaran da ya koya wa aiki ne ke kai ta.

A nan ne ya kafa allon Loretta a lambun tumatir. Yaya ta rasu shekara uku kafin nan, babu mai hana shi. Na ce masa da tana nan da yanzu Loretta na riƙe da reshe. Bai yi dariya ba.

Majami'armu ta Yahudawa a da takan cika har a tsaya a waje. Yanzu 'ya'ya sun watse, rabbi, limaminmu, ya tafi tun tuni, maza goma cif suka rage, kuma da ƙyar ake haɗa su. In ba su cika goma ba, ba a karanta Kadish, addu'ar da ake yi wa mamaci ranar da ya cika shekara. Mu mata ba a ƙirga mu, ko da na zo da mazajena uku a jaka. Kowa a cikinsu ya san in ya yi mura, mamacin wani zai kwana ba addu'a. Ranar Yaya Goldie kuwa ta faɗo Alhamis, kwana biyu bayan zaɓe.

Cikin goman nan akwai Seymour Zelnik, tsohon malamin lissafi, abokin Herschel tun suna satar tuffa. Shi ya fara neman Yaya kafin Herschel ya ƙwace, shi kuma ya ɗauki gaban akwatin gawarta. 'Yarsa Talia tana arewacin Isra'ila da yara uku. Duk sanda jiniya ta yi kuka can, wayar Seymour na kuka a nan. Yana cikin masu aika wa ƙungiyar ɗan abin da ya samu daga fanshonsa, bai taɓa ɓoyewa ba.

Ranar Asabar bayan ibada, ana cin kifin gishiri da burodi, Seymour ya ajiye cokali.

"Herschel, na bi ta titinku. Na ga abin da ka shuka bana."

"Ya yi kyau ko? Ko taki ban sa ba."

"Jikokina na kwana a ramin ɓuya, kai kana tallan matar da ta ce a bar su hannu rabbana."

"Ba ta ce haka ba, Malam. Cewa ta yi 'ya'yan wasu ma yara ne, su ko ramin ba su da shi."

"Kai dai ɗan aike ne har gobe. Abin da aka ba ka kake kaiwa, ba ka san abin da ke ciki ba."

"Ni aƙalla sunan mai aikowa na gaskiya nake kaiwa. Ku fa? Gada! Yaushe ka fara damuwa da gada, kai da ko tuƙi an hana ka?"

Aka yi dariya, ni har da shewa. Kuskure ne. Fuskar Seymour ta yi ja, ya miƙe yana gyara hularsa. "Kakanninmu ba su da mai yi musu magana a fadar kowa, ka san inda suka ƙare. Yanzu da muka sami murya, kai kake jin kunyarta. Cire allon nan. In ba haka ba, kada ka neme ni ranar Alhamis."

Na bi Herschel har mota. "Mijin Yaya, kwali ne fa da sanda. Tuge shi daren Laraba, ka mayar Juma'a. Loretta ba za ta sani ba."

"Goldie za ta sani."

"Goldie da kanta za ta tuge shi, ka manta?"

"Don tumatir za ta tuge, ba don tsoro ba."

Ranar Talata Loretta ta sha ƙasa, ba ma kusa ba. Brubaker ya fito yana godiya ga talakawan Ohio, ya ambaci gada sau huɗu. Abin da ya fi karya Herschel ba faɗuwar ba ce. Akwai wani ɗan majalisar maƙwabtanmu da a da bakinsa bai da linzami a kan yaƙin nan. Laraba da safe aka tambaye shi a rediyo, sai ya ce lamari ne mai sarƙaƙiya, yana nazari. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, kowa ya nemi ruwa. Herschel ya kashe rediyon ya ce, "Kujera ɗaya suka saya, Bernice, sauran kyauta suka same su." Takalman yawonsa ya ɗauka ya sa a kwandon shara. Na ciro, ya mayar.

Alhamis ƙarfe bakwai na safe muna majami'a. Herschel ya kunna wa Yaya kyandir tun jiya, ya sa rigar da ta fi so, wadda ta matse shi yanzu. Maza suka shigo ɗaya-ɗaya, har da Leibel mai keken guragu da ɗansa ya turo ya ajiye ya wuce aiki. Herschel na ƙirgawa da ido. Tara. Aka jira. Aka yi hirar ciwon gwiwa, aka yi ta farashin magani, kowa na satar kallon ƙofa. Bakwai da rabi. Takwas. Na leƙo daga bayan labulen ɓangaren mata na ce, "Ga ni fa, kuma na fi rabinku gemu." Ba wanda ya ko murmusa. Takwas da kwata Leibel ya ce lokacin allurarsa ya yi. Herschel ya rufe littafin bai karanta ba, ya ninke mayafin addu'arsa a hankali, kamar mai naɗe tuta.

Na ce ya hau mota in kai shi gida. Ban kai shi gida ba. Ƙofar Seymour na tsaya, don ni ba a yi wa yayata haka in tafi in sha shayi.

Seymour na zaune a baranda, sanye da kayan ibada tsaf, hula da komai, jakar mayafinsa a cinya. Ashe ya shirya tun asuba, ya kasa tashi. Waya na gefensa.

"Malamin lissafi," na ce, "tara da sifili nawa ne?"

"Bernice, ba da ke nake ba."

"Da Goldie kake? Ita ta jefa ƙuri'a?"

Ya kau da kai, ya dubi Herschel da ke tsaye a ƙasan matakala, bai taka ciyawa ba ko a ranar. "Na gaya maka tun Asabar. Kai ka zaɓi kwali a kan matarka. Kuma mutane sun yi zaɓinsu, ba wanda ya riƙe musu hannu. Haka ake yi a ƙasar nan, masu kamfanin bindiga na zuba kuɗi a zaɓe, masu magani na yi, don me namu ne kawai laifi?"

"Ban ce naku ne kawai ba."

"To cire allon. An gama, ta faɗi. Ka cire yau, gobe in zo, a yi mata ko a makare. Ni duk abin da na yi, don yaran nan su yi barci a gadonsu na yi."

Herschel ya dubi wayar da ke kan kujera. Sannan ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa:

"Tun Talata kuka ci zaɓe, Seymour, yau Alhamis. Ɗauki wayar ka kira Talia. In yaran sun fito daga ramin, da hannuna zan tuge shi."