Faison Chimwaza, Mai Baki Ɗaya

Kafin mata su fita ɗibar ruwa, Bambo Faison Chimwaza ya riga ya buga tsohon ƙarfen tayar motar da ke rataye a bishiyar mangwaron cocinmu. Daga nan sai addu'ar safe, sai ya hau kekensa mai kuka kamar ɗan akuya, ya bi gidajen marasa lafiya. Haka muka taso muka same shi yana aikin katikis, wato malamin coci, a ƙauyenmu na gefen Dedza, haka kuma ya yi ta yi har Lahadin da ta wuce, da gwiwoyi suka ce masa ya isa.

Mu 'yan kwaya, mawaƙan cocin, mun daɗe da daina tambayarsa ko waƙarmu ta yi daɗi. Sai ya yi murmushi ya ce Allah dai mai haƙuri ne. Ba shi da cin fuska, yakan yi shiru in shirun bai cuci kowa ba, amma ba za ka ji ya kira baƙi fari don ya faranta maka rai ba. Da muna ɗaukar wannan abin dariya ne, sai da ɗansa Yotamu ya rasu.

Yotamu ya dawo daga aiki a birni a rame. Kwana kaɗan kafin ya cika, an gan shi yana cin tuwon masara a gidan Gogo Nasimango, wata tsohuwa da mijinta ya mutu, mai riƙon jikoki uku. Shi ke nan magana ta tashi, wai ita ta cinye shi. Samari har sun fara zancen cinna wa ɗakinta wuta da zarar an dawo daga maƙabarta.

A wajenmu kowa ya san uba ba ya magana a bakin kabarin ɗansa. Kawun mamaci ne ke da bakin, shi ke faɗa wa jama'a abin da ya kashe shi. Kawu Limbikani ya miƙe, ya ce asibiti ba su ga komai ba, wannan aikin hannun mutum ne, kuma mai hannun tana jin sa. Ina tsaye cikin 'yan kwaya, na ga Gogo ta sunkuyar da kai, jikokinta sun riƙe mata zani. Tsoro ya kama ni, kuma ban ce uffan ba.

Sai Bambo Faison ya tashi daga tabarma.

"Suruki, koma ka zauna," in ji Limbikani. "Yau ba ranar wa'azinka ba ce."

"Na sani, suruki. Amma ɗana ya gaya mini da bakinsa. Cutar nan mai karya garkuwar jiki ce da shi, kunya ta sa ya bar shan magani. Ya roƙe ni kada a ɗora wa kowa. Gogo tuwo ta ba shi, don ta ga yana jin yunwa."

"Ka tona mana asiri a gaban gari, malam mai gaskiya?"

"Da bakin nan nake karɓar jibin Ubangiji a coci. Ba ni da na biyu."

Ya koma ya zauna yana kuka. Ba a ƙona ɗakin kowa ba.

Kada wani ya ce maka gaskiya ba ta da tsada. Limbikani bai sake taka gidan Bambo Faison ba. Mayi Esnat, matarsa kuma uwar Yotamu, ta yi damina guda tana ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba. Wasu suka daina gaishe shi a hanya. Amma a shekarar nan, maza da yawa sun fara sulalewa asibiti karɓar magani, ciki har da ƙanena, wanda yanzu yake aurar da 'ya'ya.

Bambo Faison, kai ne ka binne ɗanka da sunan cutarsa don tsohuwa ta kwana a ɗakinta. Kai ne ka nuna mana cewa mutum yana iya yin shaidar zur da shirunsa. Mai baki ɗaya, mun gode, kuma ina faɗa da zuciya ɗaya cewa ina alfahari da na zauna a ƙarƙashin koyarwarka.

Ranar ban kwanansa da aikin coci, jikar Gogo ce ta ja waƙar, ita da ta riƙe zanin kakarta ran nan. Da aka ce Mayi Esnat ta yi magana, ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta ce, "Ranar na so ka yi shiru. Da ka yi, da yau ba zan yarda da kai ba in ka ce mini Yotamu ya tafi da salama."

Ku da kuka rage, masu tsayawa a bakin kabari da masu zama a bakin rijiya, ku duba bakinku. Akwai wata tsohuwa da kwananta ya dogara da abin da za ku faɗa.