Ranar da Kamfanin Gyaɗa Ya Zo Neman Lebura

Shekarar da ruwa ya cinye mana gero ina da mata da yara ƙanana, rumbuna kuwa ko rabi bai kai ba. Kogi ya ɓalle tun amfani bai nuna ba, ya shafe fadama har bakin gari. Da kaka ta yi sai muka ji kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa a tashar jirgin ƙasa yana neman masu ɗaukar buhu.

Kowa a garinmu ya san kamfanin nan. A kakar da ta wuce wana ya yi musu aiki. Yana hawa dalar gyaɗa da buhu a ka, katakon da suke takawa ya karye, buhun ya faɗo masa a ƙugu. Helma, shugaban leburorin, ya ce a janye shi gefe kada ya tare hanya, Baturen kamfanin yana tsaye yana kallo. Washegari aka ɗoro shi a jaki aka kawo mana, bai ƙara tsayuwa da ƙafarsa ba. Labarin ya bi kasuwanni daga Haɗeja har Miga, masunta a Baturiya ma sun ji.

Ranar kasuwa akawun kamfanin ya iso a kan keke, tare da dogarin hakimi. Dagaci ya sa aka tara magidanta a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Akawun Bakano ne mai ladabi. Ya gaida dattawa, ya ce aikin zai kai bazara, lada kuma ya fi na bara.

"Wanda yake so ya matso nan," in ji shi.

Ba wanda ya motsa. Dogarin ya gyara riƙon bulalarsa yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

Dagaci ya ce, "Jama'a, ku yi magana. Hakimi ne ya aiko su." Sai idonsa ya tsaya a kaina. "Kai fa? Na san halin da gidanka yake ciki."

Gaskiya ya faɗa. Da safen nan kunun da matata ta dama tsararo ne, yaran suka shanye suna leƙen ƙwarya. Na ji kamar in miƙe. Wana yana bayana, an jingina shi da bango. Ina jin numfashinsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na karye wa zai riƙe mini su?"

Akawun ya ce ai an canja helma. Wani tsohon Babarbare mai sayar da kanwa ya ce, "Malam, Baturen da aka janye yaron nan a gabansa bai ce uffan ba, shi ma an canja shi?"

Dogarin ya tako gaba, ya ce in ba a samu mutane da lalama ba za a ɗiba da ƙarfi, kamar yadda ake yi a aikin hanya. Na san da ni za a fara.

Dagaci ya daɗe yana murza gemunsa. Sannan ya dubi dogarin ya ce:

"Aikin hanya na gwamnati ne. Wannan na ɗan kasuwa ne. Ba zan kama kowa ba."

Akawun da dogarin suka tafi da wasu 'yan ci-rani da suka kwana a masallaci, ba ɗan gari ko ɗaya. Ba a jima ba aka kira dagaci Haɗeja. Muka zauna cikin zullumi, muna tsammanin za a tuɓe shi. Ya dawo da rawaninsa, amma har ya rasu bai faɗa wa kowa abin da aka ce masa ba.

Ni kuwa na bi wani farke mai safarar busasshen kifi zuwa Nguru. Ladansa bai kai na kamfani ba, sai dai an shaide shi: wani yaron aikinsa ya taɓa kwantawa rashin lafiya a hanya, ya tsai da ayari har ya warke. Mu da muka taru a ƙofarsa neman aiki mun fi yawan da yake buƙata, wasu ya ba su haƙuri. Da na dawo na ji kamfanin sai daga can arewa yake kwaso lebura, inda ba a san shi ba.