Randar Iliyasu Mai Rediyo

Duk wanda ya zauna Tasawa a zamanin mulkin soja ya san Iliyasu mai gyaran rediyo, ko bai san sunansa ba ya san rumfarsa ta bakin tasha. Mutumin Gidan Amumune ne, can ƙasar Mayahi. Tun yana saurayi ya bar wa ƙanensa Mutari gonar gado, ya yi shekara shida a Maraɗi yana koyon sana'a, sannan ya sauka Tasawa da matarsa Furera. Gwani ne, wannan ba gardama. Amma yana da zuciya, kuma ba ya son a tambaye shi abu sau biyu.

Abin da ya dame shi a duniya bai dami kowa ba. Cewa yake duk rediyon garin da hanci suke magana, in an buga ganga sai ka ji kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. Shi so yake ya ji ta a ƙirjinsa. Ya samo wata tsohuwar lasifika mai faɗin faifai a kasuwar Maraɗi, ya ƙera mata akwatin katako, katakon ya yi ta karkarwa. Ya sake wani, duk ɗaya. Daga ƙarshe ya ɗauke babbar randar Furera, tana faɗa yana ji, ya haƙa rami a tsakar ɗakinsa ya binne ta har wuya. Ya zuba tsohuwar auduga a ciki, ya kafa lasifikar a kan murfin katako, ya liƙe bakin da ƙaro da yumɓu don kada iska ta fita.

Saura rabon murya. Ya warware wayar jan ƙarfe daga wata matacciyar dinamo, ya naɗa ta a jikin guntun icce yana ƙirgawa, ya haɗa da tarkacen da ya ciro daga cikin tsofaffin rediyo. Aikin wannan naɗi shi ne ya tura kakkaurar murya cikin randa, siririyar kuma ta tafi ga ƙananan lasifika biyu da ya rataya a bango. Wata uku yana ƙari yana ragi. Ranar da abin ya zauna, ya jona da batirin mota ya sa kaset, Furera ta ce har hawaye ta ga ya yi.

Sai daminar tamanin da huɗu ta zo ta wuce ba ta bar komai ba. Kafin sanyi ya fita, turame sun yi shiru a unguwa. Soja kuma suka ce wanda duk aka kama ya ɓoye hatsi zai gane kurensa. Mutane suka koma sa wa juna ido, gidan wa hayaƙi ya tashi, 'ya'yan wa ba su rame ba.

Iliyasu ba marar kunya ba ne, ya san ba a kiɗa a garin da ake yini da yunwa. Haƙurin ne gaba ɗaya ya gagare shi. Da hantsi, kafin ya fita rumfa, sai ya rufe ƙofa ya sa kaset, ya rage murya ƙasa ƙasa. Abin da gwanin namu bai lura da shi ba, siririyar murya ba ta ƙetare katanga, kakkaurar kuwa ta cikin ƙasa take bi. Maƙwabta ba sa jin waƙa. Dim, dim, dim kawai suke ji, daga ɗaki rufaffe, a daidai lokacin da mata suka saba daka.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Tanna, ita ta fara shigowa da ƙwarya a hannu.

"Furera, ɗiyata, in kin ƙare ki sam mani dusa."

"Wace dusa, Inna? Yau kwana tara ban taɓa taɓarya ba."

Tanna ta dubi tafin hannun Furera, ta dubi turmin da ke kife a gefe, ta daɗe tana duban ƙofar ɗakin maigida. Ta ce, "To, Allah shi ba mu lahiya," ta fita. Kafin la'asar zancen ya zagaye unguwa. Furera ta roƙi mijinta ya bari, ya ce shi bai saci na kowa ba.

A cikin wannan hali Mutari ya iso daga ƙauye, a ƙafa, ya ce yaransa sun koma cin ganye. Iliyasu ya ji abin har zuciya. Tiya shida ta garin rogo ce ta rage a gidan, ya auna uku ya ba shi. Mutari ya yi godiya, ya fita gaida maƙwabta, Tanna kuwa ba ta rage masa komai na zancen dakan ba. Washegari da hantsi yana zaune a zaure, ya ji ƙasa tana bugawa a ƙarƙashinsa. Ya tashi ya tura ƙofar ɗakin ba sallama.

Ba turmi, ba taɓarya, sai yayansa a kan tabarma da kaset yana juyawa. To amma idon Mutari ya riga ya sauka a kan bakin randa binne a ƙasa, an liƙe da yumɓu.

"Yaya, mi ke cikin randag ga?"

"Iska. Kiɗa ne, ba ka ji?"

"Kiɗa na ji shi. Amma hakanga Baba ya binne hatsinmu waccan yunwa, ni da kai muka haƙa ramin. Buɗe in gani."

Da Iliyasu ya ɗauko wuƙa ya kankare yumɓun nan, da shi ke nan. Amma ya tuna wata ukun da ya yi, kuma abin da ya fi masa zafi, wai ƙanensa ciki ɗaya ne ke neman ya gani da ido kafin ya yarda.

"Ni kake tuhuma, Mutari? Ba ni buɗewa. In maganata ba ta ishe ka ba, ga hanya nan."

Mutari ya juya ya fito tsakar gida. Ya ɗauki tiya ukun, don yunwar yara ba ta bar masa zaɓi ba, ya fita ko Furera bai yi wa sallama ba.

Kwana huɗu bayan haka jandarma biyu suka zo da mai unguwa. Aka sa diga aka fasa randar, unguwa kaf tana leƙe ta katanga. Auduga ce kawai a ciki. Jandarma ɗaya ya yi ta juya naɗin wayar yana tambaya ko da ita ake magana da ƙasashen waje, sai da mai unguwa ya rantse masa sannan ya jefar. Mutane suka watse suna dariya, Tanna ma ta zo ba da haƙuri.

Iliyasu bai yi dariya ba. Ya ƙulla a ransa Mutari ne ya kai ƙararsa, ya yi sati biyu yana cika yana batsewa, yana shirya maganganun da zai faɗa masa. Ranar kasuwa ya hau amalanke zuwa Gidan Amumune, har da guntun randar a aljihu don shaida.

Ya tarar an toshe ƙofar gidansu da ƙaya. Wani dattijo, Malam Salifu, abokin mahaifinsu, ya taso daga gindin bishiyar bedi ya tarbe shi. Ya ce da Mutari ya dawo daga Tasawa kwana ɗaya kawai ya yi, ya kwashi iyalinsa suka bi daji suka yi kudu. Iliyasu ya ƙirga kwanakin a yatsunsa. Lokacin da jandarma suka zo, Mutari ya riga ya yi nisa. Bai kai ƙarar kowa ba, bai kuma ji abin da aka tarar a randar ba.

"Baba, bai hwaɗi garin da za shi ba? Bai bar mani saƙo ba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na ce mai in yayanka ya zo hwa? Ya ce shi ba shi da kowa Tasawa."

Iliyasu ya ƙara shekara ashirin da wani abu a rumfarsa ta bakin tasha. Duk motar da ta shigo daga kudu sai ya ajiye aikin hannunsa ya je ya tambayi direba. Har ya rasu ba wanda ya taɓa ce masa ya ga Mutari.