Makarar Baffa Ummaru da Ƙafata ta Hagu

Ina gona ina buɗe wa auduga ruwa, direban lorin garin Suki ya tsaya ya gaya mini Baffa Ummaru ya cika. Na yi salati, na ƙarasa ban-ruwana tukuna. Ba zan ɓoye ba, hawaye bai zo mini ba.

Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni, kuma shi ne maɗorin ƙauyenmu. Mutum ne mai kyauta, ko ƙwai bai taɓa karɓa daga hannun maraya ba. Amma bakinsa bai iya cewa "ban sani ba" ba, kuma wannan hali ya ci mini shekara bakwai.

Wata rana na tsallake magudanar ruwa da buhun auduga a ka, sai na ji tas a bayan dunduniyata, jijiyar agara ta tsinke. Baffa ya ɗaure ta da kara kamar karaya, ya ɗana mini ƙarfen da ya yi ja a wuta har sau uku. Da na ambaci asibitin birnin Madani da likitansa, wanda a nan muke kira hakim, ya ce, "Ƙafar da hakim ya yanka ba ta isa Makka, ɗana. Da ƙafa kakanninka sunka taho ƙasag ga, a hanyassu ta zuwa Makka." Kunya ta sa na fasa zuwa. Na yi ta jan ƙafa, ko ɗage ba na iyawa, har mai duba gonaki na hukuma ya ce zai karɓe gonar mahaifina, wai gurgu ba zai iya da ita ba.

Na tafi Madani ban sallame shi ba. Likita ya ce bakunan jijiyar sun janye, yatsa uku ke tsakaninsu. Ya yanko wani ɓangarenta daga sama, ya naɗo shi ya ɗinke, na yi wata uku a filasta. Da na dawo ina takawa, Baffa ya dubi tabon ya ce, "Wutata ce, sai yanzu ta nuna." Har ya bar duniya bai nemi gafarata ba.

Ni na ɗauki gaban makararsa, ban ba kowa kafaɗa ba har maƙabarta, don jama'a su ga ƙafar. Da liman ya roƙi a yafe masa na ce na yafe, amma Allah ya san zuciyata ba ta gama hucewa ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yi masa sassaucin da ni na kasa. Ya ba matarsa Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri. Ni kuma ya kai ni Makka a kan ƙafar nan, in roƙa masa gafara a can.