Inuwar Yaya Umaru a Ruwan Guri

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da muka kai Yaya Umaru makwancinsa a Haɗejiya. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka zauna a tabarmar masu hoto. Na daɗe ina haɗiye maganar nan. Abin da 'yarsa Binta ta nuna mini a waya kwanan baya shi ya sa na ce a'a, ba zan tafi da ita kabari ba.

Yaya malamin gona ne, bai taɓa buɗe shagon hoto ba. Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru ya sayi wata tsohuwar kyamara a hannun wani Bature da zai koma gida, shi ke nan ta shiga ransa. Akwai wasu 'yan tsiraru a gari masu irin wannan ciwo, duk Juma'a bayan la'asar sukan haɗu a zauren Malam Garba hedimasta, wanda ya girme su duka. Ni tela ne, ban taɓa mallakar kyamara ba. Bakina kawai nake kaiwa, kuma ba a rasa jinsa.

Malam Garba ya kafa doka ɗaya. Kowa ya jefa hotonsa cikin kwando a rufe, sannan a juye a tabarma. Ba a rubuta suna a bayan hoto, kuma mai shi ba ya buɗe baki ko da an yi masa kaca-kaca. Dalilin mai kyau ne. Mu mutane ne masu kunya, wa zai dubi tsabar idon hedimasta ya ce masa ya guntule wa mutum ƙafa a hoto? Amma da yake ba a san mai shi ba, sai kowa ya saki baki. Malam Garba yakan ce, "Hoton tabarma ba shi da uba." Mukan yi dariya har da hawaye, shi kansa ya sha suka ya haɗiye.

Kano ake kai fim wanki, kuma mai kaiwa shi ne Sale, akawun masu sayen gyaɗa, don shi ne kullum a jirgin ƙasa. Baƙin fim ɗin nan da muke kira dodon hoto, na kowa da kowa, yana wurinsa a cikin gwangwanin biskit, wai ɗakinsa na siminti ne, gara da danshi ba sa shiga. Wa zai yi tunanin komai? Tare suka yi makarantar allo da Yaya, kwano ɗaya suke ci. Ɗan Yaya na fari ma sunan Sale ya ci.

Wata shekara ruwa ya cika fadama, na raka Yaya Guri. Da hantsi muka hangi wani tsohon masunci kwance rub-da-ciki a kan gora, yana tuƙi da hannu, tsuntsaye sun tashi a bayansa. Yaya ya tuɓe riga ya miƙo mini, ya shiga ruwa har ƙugu da malfarsa a ka, ya ɗaga kyamara. Ina daga gaɓa ina yi masa tsiya, ina cewa in kada ya ja shi ni zan gaji kekensa. Santsi ya kwashe shi daidai lokacin da ya danna, ya fito duk taɓo yana dariya.

Ranar da hoton ya sauka a tabarma, kowa ya matso ya zuba masa ido. Sale ne ya fara magana, kuma ya san na wane ne, tunda shi ya kai wanki. Ya ce hoto ya karkace. Ya sa yatsa a kusurwar ƙasa, inda inuwar mutum mai malfa ta kwanta a kan ruwa, ya ce, "Wannan aikin ɗan koyo ne. Mai hoto ba ya barin inuwarsa a ciki." Na buɗe baki, Yaya ya taka mini ƙafa. Doka doka ce.

Sai kuɗin man fetur suka shigo. Sale ya bar gyaɗa ya koma kwangila, ya je Makka, ya zama Alhaji, ya daina zuwa zaure. Wata rana na shiga wani kanti sayen zare, na ɗaga kai, sai ga tsohon masuncin nan a kalandar wani kamfani, an buga shi ƙato. A ƙarƙashi an rubuta sunan Alhaji Sale. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yaya bai yi hayaniya ba. Juma'a ta zo, ya shimfiɗa kalandar a tabarma, ya ce, "Malam, ba kuɗi nake nema ba. A dai faɗi na wane ne." Duk wanda ke zauren ya sani, don Sale ko wankan kogi ba ya yi, malfa kuwa yakan ce ta 'yan ƙauye ce. Amma a lokacin shi ke gina azuzuwan makarantar Malam Garba, wani kuma yana nema wa ɗansa aikin direba a wurinsa. Malam Garba ya sunkuyar da kai ya ce, "Umaru, ka san dokarmu. Hoton tabarma ba shi da uba." Na miƙe na ce to yaya aka yi ya samu uba a Kano? Aka ce in zauna, ba ni da kyamara, ba ni da ta cewa. Satar Sale ta yi mini zafi, amma shirun zauren nan ya fi ta ciwo, har gobe.

Yaya ya naɗe kyamararsa a tsumma, bai ƙara ɗaukar ko akuya ba. Ya aika a karɓo masa dodon hotunansa, aka ce gara ta cinye, a ɗakin simintin. Ba zan ce baƙin ciki ne ya kashe shi ba, ciwo ya yi, kwanansa ya ƙare. Amma na san tun daga ranar ba a ƙara jin irin dariyarsa ta Guri ba. Alhaji Sale ya zo jana'iza a mota, aka ba shi sahun gaba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Kowa da kyamara a aljihu, hoto ya fito nan take, ba jiran jirgin Kano. Na tabbata zai ji daɗi, don shi ba mai ƙyashi ba ne. Zai kuma yi baƙin ciki da ya ga inda ya tsaya ranar nan, ciyawar kachala ta rufe wurin, gora ba shi da hanyar wucewa. Ruwan da ya ɗauka babu shi sai a hotonsa.

Abin da Binta ta nuna mini shi ne zauren matasa masu hoto a waya. Su ma suna sa hotuna suna sukar juna, abin gwanin sha'awa, sai dai su kowa da sunansa a jikin nasa. An sa hoton masuncin, an yi wa marigayi Alhaji Sale addu'a, wai uban masu hoton ƙasar nan. Wani ya rubuta cewa abin da ya fi burge shi inuwar Alhaji da ke kusurwa. Jama'a, har inuwar tasa sun ba wani.

Binta tana goye mahaifinta ya rasu, kuma da yake kullum shi ne a bayan kyamara, ba mu da hotonsa ko ɗaya. Na karɓi wayar, na sa yatsa daidai inda Sale ya taɓa sa nasa, na ce, "Kin daɗe kina tambayata kamanninsa. Ga malfarsa, ga kafaɗarsa da ya karkata don santsi. Wannan ubanki ne." Ta daɗe tana kallo, har sai da mayafinta ya jiƙe.

Bai bar gida mai bene ba, bai bar suna a kalanda ba. Ya bar 'ya'ya masu amana, da hoto ɗaya da ya ƙi mutuwa. Sale da Malam Garba duk sun tarar da shi a can, hisabinsu ba nawa ba ne. Nawa shi ne na faɗa a bainar jama'a, tunda ba a bar ni na faɗa a zaure ba: hoton nan yana da uba, sunansa Umaru malamin gona, ni na riƙe masa riga. Allah ya jiƙanka, Yaya.